Rashin Tayi Akan Bar Arha

Akwai wani dare na hunturu da har yau, bayan shekara fiye da goma, yakan faɗo mini a rai duk lokacin da aka ajiye mini wata magana aka ce in yanke shawara. A wani ƙaramin gari ne na arewacin Ingila, inda na yi karatun digirina na uku, cikin zauren da dattawan garin suke taruwa kowace Talata da daddare. Kati goma sha uku ne a hannuna, abokin wasana yana zaune yana fuskantata yana jiran abin da zan ce, ni kuwa na zaɓi in tsaya a inda ba mai zargina. Na cika alkawarin da na ɗauka har da ƙari, amma duk da haka ni ne na jawo wa ƙungiyarmu faɗuwa a daren.

Na san da jin an ambaci karta wani mai karatu zai yamutsa fuska, domin a wurinmu karta da caca tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wasan da nake magana a kansa, wanda ake kira birij, a zauren nan ba a sa ko sisin kwabo a cikinsa. An ma tsara gasar ta yadda sa'a ba za ta yi tasiri sosai ba. Katin da aka raba a wannan tebur, shi ɗin ne za a kai wancan tebur a sake bugawa, sannan a gwada abin da kowa ya yi da rabo iri ɗaya. Ba ka da damar cewa an ba ka mugun kati, tunda wani ma an ba shi irinsa. Hankalinka kawai ake aunawa.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13. Katin dangi huɗu ne, waɗanda zan kira mashi, zuciya, lu'ulu'u da ganye, bisa zanen da ke jikinsu. A kowane dangi as ne babba, sai sarki, sai sarauniya, sai na huɗunsu da nake kira dogari, sannan masu lamba daga goma zuwa biyu. A kowane zagaye kowa yakan ajiye kati ɗaya, mai mafi girma ya kwashe, wannan shi ne ci ɗaya, saboda haka ci 13 ne a kowane rabo. Amma kafin a ajiye ko kati ɗaya sai an yi gwanjo. Kowa yana tayi, yana faɗin yawan cin da ɓangarensa zai yi da kuma dangin da zai zama mai yanka, wato wanda ƙaramin katinsa zai iya kashe babban katin wani dangi idan wannan dangin ya ƙare a hannunka. Ci shida na farko ba a lissafa su a tayi. Idan ka ce "mashi huɗu", ka ɗauki alkawarin ci goma ke nan, mashi yana yanka. Ɓangaren da tayinsa ya fi shi zai buga don cika alkawari, sauran biyun su tsaya su hana shi.

Tsarin makin da ake bi a yau ya samo asali daga wani attajirin Amurka, Harold Vanderbilt, a shekarar 1925, kuma hikimarsa ita ce ba a ba ka babban lada sai kan abin da ka yi alkawarinsa tun farko. Akwai matakala uku. Ta farko ita ce gem: ci tara idan babu dangi mai yanka, ci goma da mashi ko zuciya, ci goma sha ɗaya da lu'ulu'u ko ganye. Ta biyu ƙaramin silam, ci goma sha biyu. Ta uku babban silam, ka kwashe sha ukun duka. Idan ka tsaya a gem sannan ka ci goma sha biyu, ba za a ba ka ladan silam ba, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan kuma ka taya silam ka gaza da ci ɗaya tak, ka rasa ladan silam, ka rasa na gem ɗin da ke hannunka, a kuma ci ka tara. Tsakanin matakala ta farko da ta biyu nan ne ake gane wane ne ɗan wasa.

Abokin wasana wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya kusa shekara tamanin. Ban iya kiransa da sunansa gatsau kamar yadda suke yi a can ba, sai na riƙa ce masa Baba. Da farko abin ya ba mutanen zauren dariya, daga baya har wasunsu suka ɗauka. Shi ya koya mini ƙidayar da kowane sabon shiga yake farawa da ita, wadda Milton Work ya yaɗa: as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, dogari 1, jimla 40 a katin duka. Idan kai da abokinka kun haɗa kamar 25 ko 26, ku nemi gem. Idan kun kai 33, ƙaramin silam. Idan 37, babba. Dalilin waɗannan lambobi a fili yake. Mai 33 ya bar wa abokan hamayya 7 kacal, ba za su iya riƙe as biyu ba, tunda as biyu 8 ne. Mai 37 ya bar musu 3, ko as ɗaya ba su da shi. Ni da na fito daga fannin da ake girmama lamba, sai na rungumi ƙidayar nan kamar ita ce wasan gaba ɗaya.

Ranar da ta fara kunyata ni, Baba ne ya buɗe gwanjo da "mashi ɗaya". Na duba hannuna na ga abin da ban taɓa riƙe irinsa ba: sarki da sarauniyar mashi da ƙanana biyu, as da sarki da sarauniyar zuciya da ƙanana biyu, sarki da sarauniyar ganye, sai lu'ulu'u biyu ƙanana, bakwai da uku. Maki 19. Mai buɗe gwanjo yakan riƙe aƙalla 12 ko 13, ka ga mun doshi 33. Akwai wata dabara da wani Ba'amurke mai suna Easley Blackwood ya ƙirƙiro a shekarun 1930, inda tayin "huɗu ba yanka" yake zama tambaya ga abokinka: as nawa gare ka? Ban tsaya wata-wata ba na jefa tambayar. Baba ya amsa da tayin da ke nufin biyu. Da nawa ɗaya sun zama uku, saura ɗaya a waje, kuma ƙaramin silam yana jure rasa ci ɗaya. Na ce mashi shida, ina jin kaina.

Mutumin da ke hagun Baba ya ajiye as na lu'ulu'u. A ƙa'idar wasan, da zarar an ajiye katin farko, abokin mai bugawa yakan shimfiɗa nasa a tebur kowa ya gani. Na shimfiɗa, mutumin ya dubi bakwai da ukuna, ya bi da sarkin lu'ulu'u. Cikin daƙiƙa kaɗan an gama da mu. Da aka ƙirga daga baya, makinmu 33 ne cif. Bakwai ɗin da suka rage wa abokan hamayya as ne da sarki na dangi guda, kuma sun ishe su. Baba bai ɗaga murya ba. A hanyarmu ta zuwa tashar bas ya ce mini, "Yaro, ka tambaye ni abin da amsarsa ba za ta amfane ka ba. Damuwarka tana ga lu'ulu'u, ka tafi kana ƙirga as." Ya bayyana mini cewa akwai hanya mai tsawo amma mai aminci. Bayan mun amince da dangin yanka, sai kowa ya riƙa taya dangin da yake da abin tsare shi, as ko sarki ko ƙarancin kati, hawa-hawa. Dangin da kowa ya tsallake, nan ɓarakar take, sai a tsaya a gem tun ba a yi nisa ba.

Na ji maganar, amma darasin da na ɗauka ba shi ne wanda aka ba ni ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yi watanni ina guje wa silam. Duk lokacin da Baba ya nuna alamar son mu hau, sai in ja birki a gem. Kuma abin ya yi mini daɗi, domin na daina faɗuwa. Kowane dare ina cika alkawarina, ina komawa ɗakina ba tare da kunya ba. Nakan ce wa kaina da mugun rawa gara ƙin tashi.

A haka muka shiga gasar ƙungiyoyi ta daren da na fara ambata. Mutum huɗu ne a ƙungiya. Mu biyu muna wannan tebur, abokanmu biyu suna wancan, riƙe da katin da abokan hamayyarmu na nan suke riƙe da shi. Rabon kuma yana cikin waɗanda doka ta ƙara wa nauyin lada da na tara. Ni na buɗe da mashi ɗaya, ina da as, sarauniya da dogarin mashi da ƙanana biyu, as na zuciya da ƙarami ɗaya, sarkin lu'ulu'u da ƙarami ɗaya, sai ganye huɗu ƙanana marasa amfani. Maki 14. Baba ya yi tsalle ya ce "ganye huɗu". A yarjejeniyarmu, wadda abokan hamayya ma suna da haƙƙin sani, domin ba a yarda da ɓoyayyar alama a wasan ba, wannan tayi yana nufin yana da mashi aƙalla huɗu, yana da ƙarfin gem, kuma ganye ɗaya ne tak a hannunsa ko ma babu.

Na ƙirga: 14 nawa, nasa kamar 12 ko 13, jimla ba ta wuce 27 ba. Ina 27, ina 33? Na ce mashi huɗu, aka rufe gwanjo. Da Baba ya shimfiɗa katinsa sai gabana ya faɗi. Sarkin mashi, sarkin zuciya, as da sarauniya da dogarin lu'ulu'u, da ganye ɗaya. Abokan hamayya suna da maki 13, amma 10 daga ciki a ganye suke, as, sarki, sarauniya da dogari, kuma duk wannan dukiya ci ɗaya kawai za ta iya yi kafin mashin Baba ya fara yanka. Ganyena huɗu da na raina su ne babban albishir, domin sun nuna babu ko makinmu ɗaya da ya tafi a banza a dangin da Baba ba shi da shi. Abin da yake ƙoƙarin gaya mini ke nan. Suka ci ganye ɗaya, na kwashe sauran goma sha biyu ba tare da gumi ba.

Aka rubuta mana 680. A wancan tebur, waɗanda suka riƙe katinmu sun taya mashi shida, aka rubuta musu 1430. Bambanci 750, wanda a ma'aunin da ake amfani da shi a gasar ƙungiyoyi yake zama maki 13. Da ƙasa da haka aka fitar da mu. Abin da ya fi damuna shi ne, da ba a kwatanta da wancan tebur ba, da na tashi ina ganin na yi wasa mai kyau.

Da na koma ɗaki na zauna da takarda da alƙalami, sai na ga abin da ya kamata in gani tun tuni. A irin wannan rabo, idan ka taya ƙaramin silam ka ci, ka sami 1430 maimakon 680, ribar 750. Idan ka taya ka gaza da ci ɗaya, an ci ka tarar 100, ga kuma 650 da za ka samu da ka tsaya a gem, hasarar 750. A rabo mai sauƙin lada ma haka abin yake, 500 ta nan, 500 ta can. Sikelin a daidaice yake. Ma'ana, duk silam da damar cinsa ta haura rabi ya cancanci a taya shi, wanda ya kasa rabi kuma a bar shi. Kuskuren mai garaje da kuskuren mai noƙewa farashinsu ɗaya ne, ko kwabo babu tsakani. Bambancinsu kawai shi ne na farko kowa yana gani, ana yi masa dariya a tebur, na biyu kuwa yakan wuce shiru, har mai shi ya ɗauka tsantseni ne. A watannin da na yi ina alfahari da rashin faɗuwa, asara nake tafkawa, ba wanda ya kawo mini takardar bashi ne kawai.

Kada a ɗauka ina cewa kullum a hau. Lissafin babban silam dabam yake. Idan ka taya shi ka ci, 2210 ne maimakon 1460, ribar 750. Idan ka gaza, ka zubar da 1430 na ƙaramin silam da ke hannunka haɗe da tarar 100, wato 1530. Ka sa biyu ke nan don neman ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ba sa taya shi sai sun kusa iya ƙirga ci goma sha ukun da yatsa, musamman da yake wataƙila na wancan tebur ko ƙaramin ma ba su kai ba. Haka kuma binciken kansa yana da tsada. Idan ka wuce mashi huɗu kana leƙen silam, ka tsaya a biyar, sannan ka ci goma kawai, ka yi biyu babu. Saboda haka gwanintar tana ga sanin lokacin da za a yi tambaya, da wace tambaya, da kuma yin ta tun akwai wurin ja da baya.

Abin da na fahimta daga hannayen nan biyu shi ne, ƙidayar maki tana auna ƙarfi ne a dunƙule, kuma ta fi aiki idan katin ya rabu daidai wa daida a tsakanin dangogi. A gem na mashi ko zuciya kana da sararin rasa ci uku, ƙarfin dunƙule yakan wadatar. A silam ci ɗaya kawai aka yafe maka, don haka dole tambayar ta sauya. Ka daina tambayar nawa muke da shi, ka koma tambayar ta ina za su iya cin biyu kafin mu karɓi ragama, sannan daga ina goma sha biyunmu za su fito. Da 33 na faɗi saboda ban yi tambaya ta farko ba. Da 27 na noƙe saboda ban yi ta biyu ba.

Saura darasi ɗaya, wanda ya zo dab da dawowata gida. Mun bi matakan nan a hankali, kowa ya nuna abin da yake tsarewa, muka taya zuciya shida. Abin da ake bukata kawai shi ne kati biyar na zuciya da ke hannun abokan hamayya su rabu uku da biyu, wanda lissafi ya nuna yakan faru kusan sau 68 cikin ɗari. A ranar suka rabu huɗu da ɗaya, muka faɗi. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Tayi ya yi kyau. Gobe in an sake ba mu, mu sake taya shi." Ban taɓa jin an yabe ni a kan faɗuwa ba sai ranar. Shawara ana auna ta ne da abin da mutum ya sani lokacin da ya yanke ta. Wanda yake auna ta da sakamako kaɗai zai riƙa sauya hanya duk lokacin da iska ta juya, ƙarshenta ya rasa hanyar gaba ɗaya.

Yanzu ba na samun abokan wasa sai a intanet, shi ma jefi-jefi, Baba kuwa ya riga mu gidan gaskiya shekarun baya. Amma a aikina na koyarwa nakan tsinci kaina a kujerar nan sau da yawa. Bara wata ɗalibata ta digiri na biyu ta kawo mini batun bincike mai nauyi, irin wanda idan ya yiwu zai zama abin a zo a gani, idan ya ƙi kuma shekararta ta tafi. Bakina har ya ɗauko amsar da muka saba bayarwa, cewa ta nemi ƙaramin batu irin wanda aka yi sau goma, ta gama ta karɓi takardarta. Babu wanda zai taɓa zargina da wannan shawara, domin binciken da ba a yi ba ba ya zuwa gaban kwamiti ya kai ƙara. Sai na ce mata ta zauna. Na tambaye ta abu biyu da za su iya kashe aikin tun a farkonsa. Ta ce samun izinin ganin takardun da take bukata, da kuɗin tafiye-tafiye. Muka ba kanmu mako shida mu gwada waɗannan biyun kafin a rufe rajistar batutuwa, da sharaɗin idan ɗaya ya toshe za ta koma ƙaramin batun ba tare da ta yi asarar komai ba. Izini ya samu, aka rage wuraren da za ta je daga biyar zuwa uku, ta shiga aikin. Har yanzu ba ta gama ba, kuma ba zan iya rantsuwa cewa zai fito yadda muke fata ba. Abin da na sani shi ne mun yi tambayoyin da suka dace a lokacin da ja da baya yake da sauƙi.

Mu malamai, da iyaye, da shugabannin ma'aikatu, mun ƙware wajen hukunta wanda ya gwada ya faɗi, amma ba mu da littafin da muke rubuta asarar wanda bai gwada ba. A teburin birij akwai wancan tebur da zai tona maka asiri kafin ka tafi gida. A rayuwa ba a cika nuna mana shi ba, sai dai mutum ya riƙa tuna wa kansa cewa yana nan. Mutanen kasuwa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka ce rashin tayi akan bar arha. Abin da Baba ya ƙara mini a kai shi ne, kafin ka taya, ka juya hajar ka duba inda ta yage.